Igiyar Guga

Afrilu ne a Damagaram.
Duwatsun Birni sun sha rana sun ƙoshi,
da dare suna amayo mana ita.
Wuta ta ɗauke tun la'asar,
muka baje tabarmi a tsakar gida,
ni da 'ya'yana biyu da kakansu,
kowa da mahucinsa, kowa da bakinsa.

Lawali, mushen lakkal, shi ya tono zancen:
"Wannan zafi da hannun mutum a ciki.
Hayaƙin da ake turawa sama ba ɓacewa yake ba,
taruwa yake ya zama bargo,
duniya na ciki tana gumi."

Mutari ya yi dariya har da ƙwarewa.
Shi tankar mai yake ja daga Bakin Birji,
warin gazuwal ba ya barin rigarsa ko an wanke.
"Mota nake tuƙi, ɗan'uwa, ba rana ba.
Da sitiyarinta na hannuna
da tun bara na faka ta bayan Tanut."

Baba Nomau ya tofar da tuƙar goro:
"Kakana ya ga Kakalaba,
shekarar da aka tone gidan tururuwa neman tsaba.
Motar wa ta yi hayaƙi a lokacin?
Zafi da sanyi 'yan aike ne,
inda Mai su ya tura su, nan suke sauka."

"Haka ne, Baba," in ji Lawali,
"mutuwa ma 'yar aike ce,
amma wanda ya daɓa wuƙa
ba a ce masa je ka gida, ajali ne."

Shiru.
Ko sauro bai iya fitowa ba.

"To, na ji," Mutari ya tashi zaune.
"Wa ya daɓa?
Ni mai neman na cefane?
Ko Inna da murhunta na dutse uku?
Je ka ƙetaren teku ka karanta musu,
su suka ci tuwon,
mu aka bar wa kankarar tukunya."
"Ka yarda ke nan."
"Ban yarda ba."
"Yanzu ka ce..."
"Na ce ban yarda ba!"

Ni ban shiga lakkal ba,
ban san abin da ke saman gajimare ba.
Igiya na sani.
Rijiyar garkarmu ta hanyar Mirriya
gaba bakwai ce sa'ad da na fara jan ta.
Duk shekarar da guga ya dawo da laka
sai in ƙulla wani guntu.
Akwai ƙullin shekarar da aka yaye Mutari,
akwai na tagwayen ambaliyar da suka ci katangarmu
sannan rani ya zo kamar ba a taɓa ruwa ba.
Akwai igiyar akuyar da ta mutu,
akwai gefen tsohon zanena.
Ƙulli tara. Tafin hannuna ya haddace su.

Na so in ɗauko ta in shimfiɗa tsakaninsu,
sai na tuna kowa zai kama gefensa:
wannan ya ce hayaƙi,
wancan ya ce injinan ban-ruwa ne suka yi yawa,
tsoho ya ce rubutacce.
Su yi ta ja,
ni kuwa da ita zan sha ruwa gobe.
Na bar ta a rataye.

Da asuba na ga Mutari a ƙofar gida.
Ya rage ruwan alwalarsa,
a garin da bido ya kai dala talatin,
yana tsiyaya wa ɗan dogonyaron da Lawali ya dasa.
Muka haɗa ido.
"Kar ki gaya masa," ya ce.

Sannan ya buga moto.
Hayaƙi ya fito baƙi, ya yi sama,
na bi shi da kallo
har idona ya gaza.